Ɗawisun Mai Aski

Duk layinmu babu wanda bai san Mai Aski ba. Ko ba ka taɓa zama a kujerarsa ba, ka taɓa jin muryarsa ta taga. Shagonsa ne na tsakiya, kemis a damansa, shagon Tela a hagunsa. Siriri ne mai dogon wuya, ga yatsu zara-zara kamar don almakashi aka halicce su. Aski kam ya iya, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Ciwonsa ɗaya ne a duniya: ba ya ganin abu a hannun wani ya samu barci.

Kuma ba da girma ya ɗauko ciwon ba. Yayarsa ce ke ba da labari, wai suna yara an saya musu takalma iri ɗaya shi da ƙaninsa, komai da komai ɗaya, amma ya wuni yana kuka wai na ƙanin ya fi ƙara in an taka. Askin ma ba don yana so ya koya ba. Ji ya yi ana yabon hannun ɗan kawunsa, washegari sai ga shi a shagon kawun ya ɗauki tsintsiya. Bai huta ba sai da ya fi ɗan kawun iyawa, sannan ya fara tunanin ko sana'ar ta yi masa. Sau ɗaya tak duniya ta ba shi abin da ya fi na kowa, lokacin da matarsa ta haifi tagwaye. Ya yi ta zagaya layi yana baza haƙora, har ranar da ya ji a rediyo wata mata ta haifi 'yan uku. Ranar ko abincin rana bai ci ba.

Shagon nasa ma haka aka gina shi, da kishi. Tela ya sa madubin tsaye don masu gwada kaya, shi kuwa Mai Aski ya je ya ɗauko wanda ya cinye bango guda, daga sama har ƙasa, sai da aka cire ƙofa kafin ya shiga. Gaban madubin kujera ce mai juyawa wadda fatarta ta sha salatif, bayanta dogon benci na masu jira da masu zaman banza, kuma masu zaman banzan sun fi yawa. Abin da kawai ya tsufa a shagon bai canza ba shi ne kilifarsa. Ta kai matsayin da in ta bi ƙeyar mutum sai ta ɗan cije shi. Kullum cewa yake yana tara kuɗin sabuwa.

To, Tela ne ya kawo gem layin. Wasan yaƙi ne na waya da ake yi ta intanet. Ku haɗa runduna, a jefa ku cikin wani rusasshen gari, ku yi ta fafatawa da wasu mutane da ba ku san ko a wace duniya suke ba. Kamfanin da ya yi shi yakan sabunta shi lokaci zuwa lokaci, a ce an shiga sabon zango. Su kuma 'yan layinmu suka kafa tasu doka: duk ranar da aka buɗe sabon zango, za su kara a tsakaninsu, wanda ya rage a tsaye shi ne shugaban runduna har zangon ya ƙare. Shugaba ne ke ba da umarni, shi ke zaɓen tuta, kuma dole a kira shi Oga.

Da farko Mai Aski cewa ya yi wasan yara ne. Da ya ji ana kiran Tela Oga, a ranar ya sauke gem ɗin a wayarsa.

Allah kuwa ya ba shi hannu. Mutumin da ya saba bin gefen kunne da reza ba ya gaggawa. Shi ba ya guje-guje kamar sauran. Lungu yake samu bayan wani karyayyen bango, ya lafe kamar ƙadangare, sai ka zo wucewa ka ji an kwantar da kai, ba ka ma ga wanda ya yi ba. Daga zangon da ya shiga, shugabanci ya zama nasa kamar gadon ubansa. Tutar runduna ta koma hoton almakashi. Da rana in kasuwa ta yi sanyi, sai ka ji shi daga bakin titi: "Tela, hagu na ce! Direba, wa ya aike ka can? Dokta, kai dai kwanta, kwanciya ce aikinka."

Doktan nan shi ne Mai Kemis. Ba likita ba ne, tsokana ce ta bi shi. Mutum ne mai jiki, mai sanyin hali, yatsunsa kamar taɓarya, in ya danna wuri ɗaya sai biyu su dannu. Kullum shi ake fara kashewa, har Mai Aski ya raɗa masa Gawar Fari. Shi dai dariya yake yi, ya ajiye waya ya koma ba mutane maganin mura.

Ana nan sai kamfani ya fito da sabon salo. Wai duk wanda ya biya kuɗin sabon zango tun kafin ya fito, kafin alƙalami ke nan, za a yi masa gyara da wani abu da sauran mutane ba za su taɓa samu ba. Mai Aski ya yi tsaki ya ce wa zai sayi akuya tun tana cikin uwarta. Mai Kemis kuwa ashe ya biya.

Ranar karawa, Mai Aski ya shige lungunsa na kullum ya lafe. Sai ya ga wata inuwa tana zagaye a kansa. Ya ɗaga kan sojansa sama, sai ga mikiya, ƙatuwa, baƙa wuluk, bakinta na zinariya. Ita ce gyaran da aka yi wa 'yan kafin alƙalami. Aikinta, duk inda abokin gaba ya ɓuya ta tsaya a kansa, ta zana masa jan da'ira a wayar ubangidanta. Mai Kemis ya taho a hankali kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya danna wuri biyu kamar yadda ya saba, ɗaya daga ciki ya dace.

"Wa ya harbe ni?" in ji Mai Aski.

"Gawar Fari ce, ranka ya daɗe," in ji Mai Kemis. "Ta farfaɗo."

Kafin yamma an sauke almakashi, tutar runduna ta koma kwalbar maganin tari.

Wayyo Mai Aski! Kalmar Oga ta maƙale masa a wuya kamar ƙayar kifi. Sai ya ce "O", ya yi tari, ya ƙarasa da "kai Dokta". Abin da ya fi cin ransa ma ba kujerar ba ce, tsuntsuwar ce. In suna wasa, maimakon ya kalli abokan gaba, sama yake kallo. Yadda take buɗe fiffike. Yadda 'yan runduna ke rububin bin bayan Mai Kemis, "Oga jira ni, Oga ina mikiya ta nuna?" Da can bayansa ake bi.

Daga nan shagon aski ya koma majalisa.

"Wannan ba wasa ba ne, kasuwa ce," in ji shi, yana kaɗa tawul. "Biya ka ci! To a daina wahalar da yatsu mana, kowa ya kawo aljihunsa a auna, mai nauyi ya ɗauki tuta."

Mai Kemis yana jingine a bakin ƙofa yana ɓare alewar tari. "Su ma'aikatan kamfanin iska za su ci? Kai kyauta kake aski?"

"In mutum ya biya ni, aski nake masa. Ba na ƙara masa gashi."

"Kai kana da lokaci, abokina. Wuni kake kana gwaji tsakanin aski da aski. Ni kuwa ko zama ban yi ba wani ya shigo da ciwon ciki. Kai ka biya da lokacinka, ni na biya da aljihuna. Ina bambancin?"

"Bambancin shi ne ni na iya, kai tsuntsuwa ce ta iya."

"To ka gaishe ta, ita ce Ogarka."

Tela yana kan benci yana cire zare daga rigarsa, in ya ga wuta za ta mutu sai ya ɗan hura. "Gaskiya Mai Aski yana da magana." Can kuma, "Amma fa mikiyar nan akwai kyau, jama'a."

Da baki ya gaza, Mai Aski ya ɗauko makamin da ya fi ƙarfi a hannunsa, wato kan mutane. In ka zauna, zai ɗaura maka mayafi, ya aske gefe ɗaya tas, sai ya kashe kilifa.

"Kawo wayarka."

"Lafiya?"

"Lafiya lau. Shafin kamfanin nan za ka shiga ka rubuta musu cewa biya ka ci zalunci ne."

"Ni ko gem ɗin ban sani ba!"

"Ba sai ka sani ba. Zalunci ai zalunci ne."

Ina mutum zai je da rabin kai? Haka za ka rubuta, ya leƙa ya duba, in bai yi zafi ba ya ce a ƙara gishiri, sannan kilifa ta tashi. Direba ya rubuta. Mai gyaran famfo ya rubuta. Har wani dattijo ɗan fansho da ke zuwa rage gemu bai tsira ba. Ya zaro 'yar wayarsa mai madannai ya ce, "Ɗana, wannan ko hoto ba ta ɗauka."

"To Baba, yi musu Allah ya isa da baki, zai isa."

A gida ma ba a huta ba. Yana cin abinci yana zancen mikiya, tagwaye na hawan bayansa yana zancen mikiya. Matarsa ta gaji ta ce, "Baban Tagwaye, tsuntsuwar nan a waya take ko a cikinka? Ka rame fa. Ka bar mutum da abinsa, ka je ka sayi kilifar da kake ta alkawari, kafin ka cire wa wani kunne."

"Ni? Ni zan yi kishin Dokta? Allah ya sawwaƙe. Gaskiya nake karewa."

"Uhm," in ji ta. Ta san takalman yarinta, yayarsa ta ba ta labari.

Zango ya kusa ƙarewa, kamfani ya sake sanarwa. Wannan karon gyaran 'yan kafin alƙalami ɗawisu ne. Ba su nuna shi sosai ba, inuwarsa kawai da doguwar jela, suka ce abin da zai yi sai ranar. Mai Kemis ya ce shi kam mikiyarsa ta ishe shi.

Nan fa lissafi ya tashi a kan Mai Aski. In mikiya, tsuntsuwar da ko ado ba ta da shi, tana tona maɓoyar mutum, ina ga ɗawisu? Wataƙila makantar da mikiyar zai yi. Wataƙila ɓatar da ubangidansa zai yi gaba ɗaya, a wuce shi ba a gani. In haka ne ma wa zai san ya saya? Ya karɓi tutarsa, ya ce hannu ne. Ya kori tunanin, tunanin ya dawo. Yana aski yana ganin jela a ƙeyar mutane. Ga kuɗin kilifa kwance a asusunsa na waya, suna ta kallonsa.

Ranar da za a rufe karɓar kafin alƙalami, da rana tsaka, benci a cike. Tela na nan, Direba na nan, Baba ɗan fansho yana gyangyaɗi. Mai Aski ya so su watse, suka ƙi. Lokaci na tafiya. Sai ya yi dabara irin ta masu wayo. Ya tashi tsaye ya fuskance su, ya ɗaga wayar daidai ƙirjinsa yadda bayanta kawai za su gani.

"Maman yara ce ke ta turo saƙo," in ji shi. "Bari in ba ta amsa."

Abin da ya manta, shi da ya cire ƙofa don ya shigar da shi, shi ne madubin da ya juya wa baya. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana nuna wa mutane ƙeyarsu a madubi, ranar bai tuna tasa ƙeyar ba. Duk benci suka zuba ido ta gefen kafaɗarsa. Ga inuwar ɗawisu ɓaro-ɓaro, ga babban koren madanni a ƙasa.

Kuma bakinsa bai yi shiru ba. "Ni abin da ke ba ni mamaki," in ji shi, yatsa na tafiya, "namiji da gemunsa ya ɗauki guminsa ya sayi tsuntsun da ko miya ba za a yi da shi ba." Ya danna. "Rashin zuciya ne." Ya sake dannawa.

Da aka zo wurin lambar sirri, Tela ya kawar da kai, don shi mutum ne mai tarbiyya. Direba ya cusa hularsa a baki. Baba ɗan fansho, wanda ashe idonsa biyu, ya ce, "A gaishe da maman yaran."

Babu wanda ya tona. Abin daɗi ba a cinye shi rana ɗaya. Sai dai daga ranar Tela ya riƙa leƙowa yana cewa, "Kai, madubin nan naka akwai haske, me kake goge shi da shi?" Wata rana kuma ya ce an kawo masa wani yadi mai zanen gashin tsuntsu, ko a yanka masa riga? Mai Aski ya ce shi ba ya son kwalliyar mata. Bai gane komai ba. Har fara'arsa ta dawo, ya kira Mai Kemis Oga sau ɗaya, da murmushin wanda ya san gobe.

Ranar buɗe zango aka hallara a shagon, kowa da wayarsa da cajarsa. Kafin a shiga, sai ga doguwar sanarwa daga kamfani. Mai Kemis ne mai karatu a cikinsu, ya gyara tabarau yana fassarawa.

"Wai sun ji koke-koken jama'a daga ko'ina. Wai daga yau babu abin saye da zai ƙara wa kowa ƙarfi. Mikiya ta daina nuna maɓoya, ado ce kawai." Ya duba layi na gaba. "Ɗawisu ma ado ne kawai."

Shago ya kaure da tafi. Tela ya tashi ya kama hannun Mai Aski da hannu biyu yana girgizawa. "Kai ne! Wallahi kai ne ka jawo mana wannan! Rabin kawunan layin nan ba su tafi a banza ba. Yi magana mana, gwarzo!"

Mai Aski ya buɗe baki. "Alhamdu lillahi," in ji shi, da murya irin ta wanda aka yi wa ta'aziyya.

"To a shiga," in ji Direba.

Aka shiga. Sojoji suka jeru a fili kafin a fara, kowa yana ganin kowa. Ga na Tela, ga na Direba, ga na Mai Kemis da mikiyarsa a sama. Ga na Mai Aski, a bayansa kuma wani abu na tafe yana rangwaɗa, shuɗi da kore da ruwan zinariya, yana walƙiya kamar an kunna fitilun biki. Ya tsaya, ya karkaɗa jiki, ya baje jela ta rufe rabin allon kowa, ya callara wani kuka kamar ƙofar da ba ta sha mai ba.

Direba ya faɗo daga benci.

"Kyauta suka ba ni," in ji Mai Aski da sauri. "Saboda yawan ƙorafin da na—"

"Mun ga kyautar," in ji Tela. "A madubi muka gani, ranar da kake ba maman yara amsa."

Mai Aski ya waiwaya a hankali. Ya kalli madubi, madubi ya kalle shi. Mutumin da ya raɗa wa kowa suna a layin nan sai ga shi yana cewa a daina, ba ya son wasan banza. Dama wanzami ba ya son jarfa.

Mai Kemis ne ya tausaya masa. Ya share hawayen dariya ya ce, "Abokina, akwai wurin da ake kashe shi. Ka shiga saiti ka cire. Ka ga duk lokacin da ka tsaya cak, baje jelar yake yi. Kai kuma tsayuwa ce sana'arka."

Gaskiya ce tsagwaronta, Mai Aski ma ya sani. Yanzu fili ya daidaita, babu mai tona shi, hannu ne kawai zai yi magana, kuma hannu nasa ne. Danna ɗaya, tuta ta dawo gida. Ya shiga saitin, ya kai babban yatsa kan madannin. Sai ya ɗaga ido.

"Kai ka cire taka?"

"Tawa a sama take, ba ta damun kowa."

Mai Aski ya kalli mikiyar tana shawagi, bakin zinariyar nan na ƙyalli. Wato Dokta ya shiga fili da tsuntsuwa, shi ya shiga hannu rabbana, kamar maraya? Bayan kuɗin kilifa sun tafi?

"Nawa ma ba ya damun kowa," in ji shi, ya fita daga saitin.

Aka fara. Ba a je ko'ina ba Mai Kemis ya danna wuri biyu, sojansa ya yi tsalle ya faɗo gaban bindigar Mai Aski. Gawar Fari ta koma gidanta na asali. Mai Aski ya yi wata shewa da sai da masu wucewa suka leƙo. Direba da sauran suka cinye junansu. Ya rage shi da Tela.

Ya ruga lungunsa, bayan karyayyen bangon nan, ya lafe. Ko motsi babu. Sai jela ta fara tasowa ta saman bango, a hankali, gashi bayan gashi, har ta buɗe kamar laima. Sannan kukan.

Tela ko sauri bai yi ba. "Assalamu alaikum, masu gida," in ji shi, ya jefa gurneti ta saman jelar.

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Kafin yamma tuta ta koma hoton keken ɗinki.

Yanzu haka Tela ne Oga. Mai Aski ya gano cewa wayar Tela ta fi tasa sauri, kuma yana da maganganu masu yawa a kan haka. Matarsa ta daina tambayar kilifa, sai dai in zai fita ta ce a gaishe da kajin gidan. Kilifar tana nan tana cizo. Ɗawisun ma yana nan, bai cire shi ba, a kowane yaƙi rundunarmu ce ake hangowa tun daga nesa.

In ka je aski kwanakin nan, zai aske maka gefe ɗaya, ya kashe kilifa, ya kawo wayarsa daidai hancinka.

"Tsakaninka da Allah, kar ka ji kunyata. Wannan da mikiyar Dokta, wanne ya fi kyau?"

Duk layin babu wanda ya taɓa cewa mikiya.